Wa Ya Ce Tatsuniya Gawa Ce?

Jama'a, tun da wata 'yar'uwarmu ta fara sakin labarinta kashi-kashi a zauren WhatsApp na ɗalibai, kunnuwanmu ba su huta ba. Laifinta ɗaya ne. Ta ɗauko tatsuniyar Ruwan Bagaja, ta mai da 'yar bora yarinya 'yar Tsafe mai sana'ar POS a Gusau, 'yan damfara suka kwashe jarin gidan ta waya, mowa ta ce kada ta sake taka gidan sai da kuɗin. Yarinya ta shiga duniya, ta koyi kutsen kwamfuta, tana bin sawun ɓarayi daga wannan layi zuwa wancan. To, shi ke nan fa sai masu gadin al'ada suka tashi haiƙan. Wannan ya ce an ɓata gadon kakanni, wancan ya ce kwaikwayon Turawa ne, wani ma ya rantse tatsuniya ba ta haɗa hanya da na'ura.

Ina so in tambayi waɗannan bayin Allah: wace Ruwan Bagajar suke karewa? Ta bakin kakata, ko ta bakin kakarsu? Domin kuwa ba ɗaya ba ce. Kowace tsohuwa da yadda take jero kogunan da yarinyar ta tarar kafin ta kai inda za ta wanke ƙirgi, kowace da gishirin da take ƙarawa. Abin da bai canjawa shi ne ƙashin bayan labarin, watau an zalunci 'yar bora, ta yi haƙuri da ladabi a inda ake gwada mutum, ta zaɓi ƙaramin ƙwai ta sami arziki, 'yar mowa ta yi rashin kunya da haɗama ta kwaso wa kanta masifa. Duk wannan yana nan daram cikin labarin 'yar'uwarmu. Kai, abin dariya ma, mutanen da cinya da kare masu magana ba su taɓa ba su mamaki ba, su ne yau murya marar fuska a cikin waya ta tayar wa hankali!

Sa'an nan ga Alhaji Abubakar Imam, wanda dukkanmu muke cire wa hula. Da ya shiga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, sunan tatsuniyar nan kawai ya ara, ya watsar da bora da mowa, ya kawo mana Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ta yi wa juna ƙeta gari-gari. Aka buga littafin a 1934. Da ya zo Magana Jari Ce a 1937, bai tsaya gida ba ma, ya ɗebo daga Alfu Laila, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, ya sa musu riga da rawani har ba mai gane baƙi ne. Yau a kansu muke rubuta jarrabawa. Umaru Dembo kuwa tun 1969 ya ɗaga yaro Bahaushe zuwa sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Ashe in dattijo ya yi, hikima ce, in yarinya ta yi, ɓarna ce?

Batun kwaikwayon Turawa kuwa, gaskiya ne wata Ba'amurkiya, Marissa Meyer, ta mai da Cinderella rabi mutum rabi inji cikin littafinta Cinder a 2012. Amma ɗan Zamfara ba ya bukatar Amurka ta koya masa tsoron waya. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya, don an tabbata da waya masu kai rahoto suke tsegunta wa 'yan bindiga, da ita kuma ake cinikin kuɗin fansa. Gusau ta sami nata a Oktoba, mutanen Tsafe da Bunguɗu suka ci gaba da zaman jira. A Satumban 2023 aka shiga Sabon Gida da dare aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, mafi yawansu mata. Uwar da ke Kwatarkwashi, in baƙuwar lamba ta kira ta, gabanta ne ke faɗuwa. Dodon da kakanninmu suka ajiye a bakin rijiya don yara su yi hattara ya daɗe da yin ƙaura, ya koma cikin aljihunmu. Marubuciyar da ta bi shi can ta fi ku riƙon amanar tatsuniya, ku da kuke son a shafa mata turare a rufe a kabad.

In faɗa kuke nema, ga wurin faɗa nan kun tsallake. Hausar labarin tana da rauni ƙwarai. Ba ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, har mutum ya rasa ko kafa ake nufi ko ƙafa. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ga Ingausa jibge a kowane shafi, a inda Hausa take da kalmarta tsaf. Har wa yau akwai masu karatun da suka fi 'yan sukar haɗari, su ne masu matsa mata lamba kullum dare wai lalle ta aurar da yarinyar ga wani ɗan sarki ko ɗan gwamna, alhali tatsuniyar ba da miji ta sāka wa 'yar bora ba, da dukiyarta ta kanta ta komo gida. Ban ji ko ɗaya daga cikin masu kishin gadon ya buɗe baki a kan wannan ba.

Hutu ya ƙarato. Duk mai cewa tatsuniya na mutuwa, akwai waya a hannunsa, akwai tsofaffi a 'Yandoto da Bunguɗu waɗanda ba a taɓa naɗar muryarsu ba. Ya je ya durƙusa gaban Inna ya ɗauko mana Ruwan Bagajarta, ya rubuta da Hausa mai ƙugiya, ya kawo wa editan mujallar nan kafin fitowa ta gaba.