Ginin Ƙasa da Rage Hayaƙin Kabon: Darasi Daga Maginan Nijar

Idan ana maganar ɗumamar yanayi, hankali yakan tafi ga motoci da masana'antu, a manta da gidan da ake kwana a ciki. Alhali rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna cewa gine-gine da aikin gini su ke da kusan kashi 37 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke da alaƙa da makamashi a duniya. Siminti kaɗai yana da kimanin kashi 8 cikin 100 na dukan hayaƙin. Dalili kuwa biyu ne. Ana gasa dutsen farar ƙasa a tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,450, wanda ke cin gawayi ko man fetur mai yawa, sannan shi kansa dutsen yana fitar da iskar kabon yayin da yake ƙonewa.

A ƙasashen Sahel asarar ta ninka. Ɗakin bulon siminti mai rufin kwano yakan ɗauki zafin rana ya riƙe shi har tsakar dare, sai mai hali ya sayi na'urar sanyaya ɗaki, maras hali ya fito da tabarma tsakar gida. An ƙona makamashi wajen yin siminti, an kuma ɗora wa gidan bashin wutar lantarki muddin yana tsaye. Bangon ƙasa mai kauri kuwa yana jinkirta shigar zafi da rana, ya sake shi a hankali bayan iska ta yi sanyi.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Nijar. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da ƙasa aka gina ta, kuma tsohon birnin ya shiga jerin kayan tarihi na UNESCO a 2013. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A zamanin nan, Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun yi amfani da tubalin ƙasa da ake matsawa da inji wajen gina rukunin gidaje na Niamey 2000 a Yamai, da kuma sabon masallacin Dandaji da aka kammala a 2018, inda tsohon masallacin ya koma ɗakin karatu. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta Gando a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin sama domin iska ta ratsa. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, a 2022.

Masu shakka suna da hujjar da ba za a raina ba. Daminar 2024 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a Nijar, har da tsohon masallacin Damagaram. Wanda bango ya taɓa faɗo wa iyalinsa ba zai saurari wa'azin muhalli ba. Sai dai ruwa yana cin ginin ƙasa ne ta harsashi da ta sama. Idan aka yi harsashi da dutse ko kankare, aka tsawaita bakin rufi, aka gyara indararo, aka daidaita ƙasar da ɗan siminti ko farar ƙasa, aka kuma guje wa hanyar ruwa, bangon yakan daɗe. Abin nema shi ne a sa siminti inda ya zama dole, a bar sauran ga ƙasa. Matsalar azara ma, wadda ta jawo saran giginya, tana da magani a fasahar gini ba katako, wadda ake rufe ɗaki da bakan tubali, aka kuma koyar da magina ita a Nijar tun shekarun 1980.

Babban cikas shi ne kallon da ake yi wa ginin ƙasa a matsayin alamar talauci. Wa'azi ba zai kawar da wannan ba, sai an ga misali. Ya kamata hukumomi su fara da azuzuwa da asibitocin karkara da ofisoshin ƙananan hukumomi, su kafa ma'aunin ingancin tubali, su shigar da tsoffin magina cikin makarantun koyon sana'a. Bankuna kuma su karɓi gidan ƙasa mai inganci a matsayin jingina. Biranen Yamai da Maraɗi da Damagaram suna faɗaɗa kowace shekara, kuma kayan da aka zaɓa wa gidajen da za a gina yanzu su ne za su yanke yawan hayaƙi da kuɗin wutar da jikoki za su biya.