Facebook, TikTok ko YouTube: ina ya kamata mai watsa bidiyo kai tsaye ya kafa rumfarsa?

Tun ranar 19 ga watan Fabrairun 2025, duk bidiyon da aka watsa kai tsaye a Facebook kwana 30 kawai yake yi a shafi, daga nan kamfanin Meta ya goge shi. Tsofaffin da suka shekara da shekaru a ajiye ma ba su tsira ba, sai dai an ba masu su wa'adin kwana 90 su sauke abinsu. Sanarwar ta fito ne ana saura kwana goma a kama azumi, kuma a nan ne lissafin ya fi fitowa fili: tafsirin da wani masallaci a Maraɗi ko Damagaram ya watsa ranar ɗaya ga Ramadan, ana hidimar Sallah zai ɓace. Ɗalibin da ya ce sai bayan Sallah zai zauna ya bi karatun daga farko, zai tarar da shafi ba komai.

Wannan canji ya taɓa wata tambaya da matasa masu shafukan labarai, gidajen rediyo masu zaman kansu, kwamitocin masallatai da ƴan kasuwa ke yi wa juna kullum: a wane dandali ya fi dacewa a yi abin da ake kira “layif” ko “dirak”? Amsar da aka saba bayarwa ita ce a je inda jama'a suka fi yawa. Amsa ce mai ma'ana, amma ta tsaya a rabin hanya, domin ba ta faɗi abin da zai rage a hannun mai watsawa bayan taro ya watse ba.

Bidiyon kai tsaye ya wuce abin nishaɗi a Nijar. An dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024, sannan sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru a Maris na 2025 bayan matakin gwamnatin Donald Trump. Mutanen da suka saba da kunna rediyo da asuba da dare sun ƙara karkata ga wayoyinsu. Ga kuma ƴan ci-rani da mazauna ƙetare, waɗanda ba su da wata taga ta leƙen gida da ta wuce wannan.

Kokowar gargajiya ta neman takobin ƙasa ta isa misali. Gasar da aka fara a Tahoua a 1975, wadda ke haɗa ƴan kokowa 80 daga jihohi takwas, ba Télé Sahel kaɗai ke kai ta ga masu kallo a yau ba. A kowane ɓangare na fili akwai matashin da ya ɗaga waya. Sai dai karawar da aka yi da ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba, ƙarfe 10 na safe ne a New York, ƙarfe 6 na yamma a Jidda, ƙarfe 3 a Abijan. Direban tasi a Amurka da mai tura amalanke a kasuwar Ajame duk suna bakin aiki a wannan lokaci. Da yawansu ba kai tsaye suke kallo ba, sai dare ya yi sun koma ɗaki. Ga irin waɗannan, dandalin da ba ya ajiye bidiyo tamkar bai watsa ba ne.

Kowane dandali da tsayin ƙofarsa. Facebook na neman asusun da ya kai kwana 60 da buɗewa, shafi kuma ya kasance da mabiya aƙalla 100. YouTube na neman mabiya 50 kafin a watsa daga waya, kuma a karon farko ana iya jiran sa'o'i 24 kafin a buɗe wa mutum damar, abin da ya sha kunyata waɗanda suka bari sai ranar taro. TikTok na neman shekara 18 da haihuwa, kuma a bisa al'ada mabiya 1,000. Instagram ma ya koma neman mabiya 1,000 tun Agustan 2025.

TikTok ne ya fi jan matasa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shi ke kawo wa mutum ƴan kallo da kansa. Wanda bai taɓa jin sunanka ba, yana cikin shafa waya sai ya faɗo cikin hirarka. Mai sayar da atamfa, takalma ko turare a Yamai ba shi da kasuwar da ta fi wannan saurin kawo baƙuwar fuska. Ga kuma kyaututtukan da masu kallo ke aikawa, fure ko zaki, waɗanda ake mayarwa kuɗi.

To amma kuɗin nan ba duka ke isa hannu ba. A watan Oktoban 2022 wani binciken BBC a sansanonin ƴan gudun hijira na Siriya ya gano cewa kaso mai yawa na kyautar da ake aika wa iyalan da ke bara kai tsaye, har kusan kashi 70 cikin 100, bai kai gare su ba. Kamfanin ya musanta cewa kasonsa ya kai haka, amma bai bayyana adadin ba. Ɗan ci-ranin da ke son taimaka wa wani mawaƙi ko gidan rediyon garinsu, in ya bi ta Nita, Amana ko Al Izza, ya san nawa ya tura kuma ya san nawa aka karɓa. In ya sayi zaki a TikTok, abin da ya sani kawai shi ne an ambaci sunansa. Akwai kuma wata illa da ba a cika lissafawa da ita ba: tsarin kyauta yana saka wa wanda ya fi tada ƙura. Hirar da aka fara da batun tsadar shinkafa takan ƙare da gori da zage-zage, saboda a nan ne furanni ke zuba. Kuma da an rufe, bidiyon ba ya zama a shafi don jama'a su sake kallo. Mai shi kaɗai ke iya sauke shi cikin wani ƙayyadadden lokaci.

YouTube kishiyar wannan ne. Ba ya tara jama'a da wuri, kuma sabon shafi na iya yin sa'a guda yana magana da mutum bakwai. Amma duk abin da aka watsa da bai kai sa'o'i 12 ba yana ajiye shi, ana iya nemo shi da suna bayan shekara biyar, ana iya jera karatu ko shiri ɗaya bayan ɗaya. Mai kallo kuma yana da ikon rage ingancin hoto har zuwa 144p, abin da ke da muhimmanci ga wanda ya sayi forfe na ƴan mega kaɗan kuma murya kawai yake buƙata. Ga tafsiri, lacca, muhawarar rediyo da taron manema labarai, babu wanda ya kama ƙafarsa a cikin ukun. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kuɗi. Samun rabon talla na buƙatar mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12, kuma a jerin ƙasashen da kamfanin ya daɗe yana wallafawa na masu cin wannan gajiya akwai Najeriya, Ghana da Senegal, babu Nijar. Shi ya sa wasu ke rajistar shafinsu da adireshin ɗan'uwa a wata ƙasa. Dabara ce da ke aiki har ranar da aka ɓata, a gane cewa a takarda shafin ba na mai wahalarsa ba ne.

Facebook yana tsakiya. Nan dattawa suke, nan ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya mazauna Legas, Kumasi ko Turabulus suke haɗuwa, nan ne kuma ake rarraba abu daga hannu zuwa hannu cikin minti kaɗan. Ƙarfinsa na tara waɗanda suka riga suka san juna yana nan. Abin da ya rasa shi ne rumbu.

Ba kowane taro ba ne ma yake buƙatar ɗaya daga cikin ukun. Suna, ɗaurin aure ko zaman gaisuwa da ake son ƴan'uwa na nesa su gani, kiran bidiyo na WhatsApp yana ɗaukar mutum 32, ba tare da an baje fuskokin matan gida da yara a gaban duniya ba. Biki kuma yana da tasa matsalar: na'urorin Facebook da YouTube na gane waƙar da ke da mai haƙƙi, suna iya kashe sautin ko su katse watsawar ana tsakiyar rawa.

Sai batun rezo, wanda shi ke yanke hukunci ko da an gama duk wani zaɓi. Kallo saukewa ne, watsawa kuwa turawa ce, kuma layukan waya sun fi rauni wajen turawa. Hoto mai kyau daidai gwargwado, na 720p, yana cin wajen megabit 3 a daƙiƙa, wato kimanin jiga 1.35 a sa'a guda. A filin kokowa ko filin Idi, inda dubban wayoyi ke rataye da eriya ɗaya, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani, wannan gudu ba ya samuwa yadda ake so. Wanda ya rage zuwa megabit 1 zai ci mega 450 a sa'a, hotonsa ya ɗan dushe amma ba zai riƙa tsinkewa ba, kuma masu kallo sun fi haƙuri da dusasshen hoto a kan muryar da ke yankewa. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga ya fi sabuwar waya amfani a nan. Shigowar Starlink Nijar a hukumance a Maris na 2025 ta sauƙaƙa wa gidajen rediyo da manyan masallatai da ke da halin saye, amma ba ta kawar da ɗaukewar wuta ba, ba ta kuma hana waya ɗaukar zafi ta mutu a ranar Afrilu ba.

Akwai nauyin da babu dandalin da zai ɗaukar wa kowa. A watan Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sanya hannu kan gyaran dokar 2019 ta laifukan intanet, wanda ya maido da hukuncin ɗauri da aka cire a 2022. Ɓata suna ko zagi ta intanet na jawo ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a na jawo shekara 2 zuwa 5, ko da labarin gaskiya ne. Ƙungiyoyin kare ƴan jarida sun soki gyaran, amma shi ne ke aiki. Bidiyon da aka naɗa ana iya zama a tace shi kafin a saki. Na kai tsaye ba shi da wannan gata. Wannan ya fi shafar tsarin hawa da baƙi da ya yi ƙarfi a TikTok, inda ake ba wanda ba a sani ba dama ya yi magana. Baƙon na iya kasancewa a Brussels ko Aljiyas, ya faɗi abin da ya ga dama ya kashe wayarsa ya kwanta. Mai shafin kuwa a Tahoua yake kwana, kuma an san ƙofar gidansu. Goge bidiyo bayan kwana 30 ba kariya ba ce, tunda kowane mai kallo na iya naɗar allon wayarsa.

Dandalin kansa ma ba shi da tabbas. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021 an katse intanet na waya a Nijar na tsawon kwana goma. Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, Senegal ta dakatar da TikTok a Agustan 2023. Wanda duk mabiyansa ke wuri ɗaya, sa hannun mutum ɗaya ya isa ya raba shi da su. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Saboda haka gidajen da suka ɗauki abin da muhimmanci ba sa tsayawa kan zaɓen ɗaya. Manhajoji irin su Restream da StreamYard na karɓar hoto sau ɗaya su rarraba shi zuwa Facebook da YouTube a lokaci guda, ba tare da an ninka cin mega ba, ko da yake cikakken amfaninsu na biya ne da katin banki. Mai kwamfuta na iya amfani da OBS, wadda kyauta ce, ya watsa kuma ya naɗa a lokaci ɗaya. TikTok sai ya zama wurin sakin gajerun yankuna da ke jawo sababbin mutane, WhatsApp kuma wurin aika adireshin kallo ga waɗanda ake da lambarsu, domin lambobin nan ne kaɗai jerin mabiyan da mai shafi zai iya tafiya da shi duk inda ya koma.

Ga kwamitin masallacin da ke shirin azumi mai zuwa, lissafin ba shi da tsawo. Tafsirin sa'a guda a kullum har kwana 30, a ingancin 720p da aka ambata, bai wuce jiga 41 ba. Katin memori mai jiga 64, irin wanda ake sayarwa a teburan masu gyaran waya a Babbar Kasuwar Yamai ko kasuwar Dole ta Damagaram, zai ɗauke shi duka har da saura, matuƙar an sa wani ya riƙa saukewa kowane dare kafin kwanakin su cika.