Silo Ya Hau: Abin da Kwamfuta Ba Ta Gaya wa Mai Tsohuwar Mota

Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da tsarin bincike na OBD-II, Turai kuwa ta bi sahu ga masu shan fetur a 2001. Shi ya sa kusan duk Corolla ko Accord 'yar Kwatano tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda bakanike ke jona kwamfuta. Alheri ne babba, sai dai yadda ake amfani da shi a garejoji da yawa ya mayar da shi hanyar ɓarnar kuɗi.

A ɗauki motar da silonta ya hau: tana tsaye, ƙafa ba ta kan totur, amma allura ta zarce 1,200 maimakon ta kwanta wajen 700 zuwa 800. Kwamfuta za ta iya fitar da P0507. Ma'anar lambar ba ta wuce cewa inji na juyawa fiye da yadda ƙwaƙwalwar mota ta nema. Ba ta ambaci kayan da ya lalace ba. Duk da haka sai a ce wa mai mota ya sayo bawul ɗin silo, in abin bai daina ba ya sayo sensa, daga nan a fara zargin ƙwaƙwalwar kanta, wadda ta fi su duka tsada. Mafi muni shi ne wanda zai goge lambar, wutar gargaɗi ta mutu, ya karɓi kuɗin aiki.

A tsohuwar mota, abin zargi na farko shi ne iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Robar da ta shekara ashirin tana shan zafi takan bushe ta tsage, inji ya riƙa zuƙar iskar da sensa bai auna ba. In P0171 ta fito tare da P0507, wato iska ta rinjayi mai, zargin ya ƙara ƙarfi, kuma maganin na iya zama tiyo guda. Bayan wannan sai dattin da ke taruwa a maƙogwaron totur, wanda wanki ke isar masa.

Akwai kuma cutar da hannu ke jawowa. Kanikawa da dama na cire tamostat su haɗa fanka kai tsaye, da hujjar cewa an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Hujjar tana da daɗin ji a zafin Afrilu, amma kuskure ce. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa daga lagireto har inji ya ɗumama. A Toyota da yawa sai wajen digiri 82 yake buɗewa. In babu shi, musamman da hunturu, inji yakan daɗe bai kai zafinsa ba, ƙwaƙwalwa kuwa ta ci gaba da ɗaga silo da ƙara mai kamar yanzu aka tayar da motar. Wani lokaci P0128 kan tona asirin. Kafin cire tallafin fetur a Mayun 2023 ana iya kawar da kai daga wannan asara. Yau direban haya yana jin ta a cinikin kowace rana.

Kwamfutar da ke karanta lamba tana iya nuna zafin ruwa da gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa awon mai yayin da inji ke aiki. Mai mota yana da haƙƙin a nuna masa waɗannan alƙaluma bayan tafiyar minti goma sha biyar, kafin a rubuta masa kayan da zai sayo.