Koyon Agajin Gaggawa: Ya Kamata Ɗalibai su Ɗanɗani Aiki a Asibitocin Karkara

Gabatarwa

Garin Kurfi yana kan hanyar motar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Dutsin-Ma. Duk wanda hatsari ya rutsa da shi a ɗaya daga cikin ƙauyukan wannan yanki, kamar Birchi ko Tsauri ko Wurma ko Rawayau, akwai tafiya a gabansa kafin ya ga likita. Sai an nemo babur ko mota, a bi hanyar burji har a hau kwalta, a isa asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma. In abin ya fi ƙarfinsu sai a sake ɗaukar hanya zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Rayuka da yawa a cikin wannan tafiya suke salwanta.

Akwai ma'aikacin lafiyar da aka tanada musamman domin wannan tsakani, wato ma'aikacin agajin gaggawa, wanda Turawa ke kira faramedik. Aikinsa shi ne ya riƙe ran majiyyaci tun daga wurin da abu ya faru har ya miƙa shi hannun likita. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, duk makarantar da za ta horar da irin wannan ma'aikaci a Jihar Katsina, jami'a ce ko kwaleji, ya wajaba ta tura ɗalibanta sanin makamar aiki a asibitocin karkara irin na Kurfi da Dutsin-Ma, kada ta tsare su a babban asibitin birni kaɗai.

Abin da jiki ke yi idan jini ya zuba

Dalilin wannan ra'ayi yana cikin darasin kimiyyar halittu da ake koyarwa a sakandare. Baligin mutum yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa. Idan ya rasa kashi 15 cikin ɗari, wato wajen mililita 750, da wuya a ga wata alama. Idan zubar ta ci gaba, sai zuciya ta ƙara saurin bugawa, ƙananan jijiyoyin fata da na hanji su tsuke domin a tura sauran jinin zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Saboda wannan dabara ta jiki, na'urar awon jini tana iya nuna cewa komai lafiya alhali mutum yana kan hanyar mutuwa. Sau da yawa awon ba ya faɗuwa sai an rasa fiye da kashi 30 cikin ɗari, kusan lita ɗaya da rabi. Jikin yara ya ma fi na manya iya ɓoye wannan hali, sai a ga yaro yana magana, jim kaɗan ya sulale.

Alamomin farko na wannan hali da hannu da ido ake gane su: sanyin tafin hannu da gumi, bugun jijiya mai sauri amma marar ƙarfi, ƙishirwa, da rashin natsuwa. Littattafan da aka rubuta a Turai sukan ce fatar mai zubar jini tana yin fari, amma a jikin baƙar fata sai an duba cikin fatar ido da harshe da tafin hannu da farce. Ɗalibi zai iya haddace duk wannan a aji ya ci jarrabawa, amma yatsunsa ba za su san bambancin bugun jijiyar mai lafiya da na mai zubar jini ba sai ya taɓa wuyan hannun mutane da yawa. Gani ya kori ji.

Haka batun numfashi yake. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa idan ta yi minti 4 zuwa 6 ba ta sami iskar oksijin ba. Ɗalibi yakan koyi danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya a jikin mutum-mutumin roba, kuma wannan koyo yana da amfani. Sai dai mutum-mutumi ba ya amai, ba shi da dangin da za su kewaye ma'aikaci suna kuka, ba a kuma kawo shi cikin dare a bayan a-kori-kura.

Yadda wannan sana'a ta samo asali

Tun farkonta, wannan sana'a a bakin aiki aka koye ta. A shekarar 1967 aka kafa ƙungiyar motocin ɗaukar marasa lafiya ta Freedom House a birnin Pittsburgh na Amurka. Likita Peter Safar ya horar da matasa baƙar fata na wata unguwar talakawa, ya shigar da su ɗakunan tiyata da sashen gaggawa domin su koya da hannunsu. A Ingila kuwa, tun daga watan Satumba na 2021 sabon ɗalibi ba ya samun rajistar wannan aiki sai da digirin jami'a, kuma wani babban kaso na karatun a cikin motar asibiti da sassan asibiti ake yin sa. Ƙasar Ghana ta kafa hukumar motocin agajinta a 2004, bayan turmutsutsun filin wasa na Accra na watan Mayu 2001 da ya ci rayuka fiye da 120.

A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin yana cikin wuraren farko da suka buɗe makarantar wannan fanni. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko domin irin wannan jinya. Wata doka ta 2017 ta wajabta a duba wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2022 aka fara gwajin tsarin motocin agajin gaggawa na ƙasa a Abuja. Ashe ke nan dokoki sun samu. Abin da ake buƙata yanzu shi ne ma'aikatan da suka ƙware, kuma ƙwarewarsu ta danganta da inda aka horar da su.

Abin da karkara ke koyarwa

Babban asibitin birni yana da na'urori da ƙwararru, kuma dole ne ɗalibi ya yi wani lokaci a can. Amma yawancin majiyyatan da ke isa can an riga an taɓa su a wani wuri, an ɗaure rauni, an sa ƙarin ruwa. Ga kuma likitoci masu neman ƙwarewa da ɗaliban likitanci da na jinya, kowa yana neman abin da zai sa hannu. Sau da yawa ɗalibin agajin gaggawa a bayan sahu zai tsaya yana leƙe. A ƙaramin asibiti kuwa majiyyaci yana zuwa ne yadda abin ya same shi, ma'aikata kaɗan ne, kuma kowane hannu yana da amfani.

Cututtukan da zai tarar su ne waɗanda zai yi ta fama da su tsawon rayuwar aikinsa. Da damina zai ga yaran da zazzaɓin cizon sauro ya sa jijjiga, ya koyi kwantar da yaro a gefensa da hana cusa masa cokali a baki. Da bazara zai ga alamomin sanƙarau. Zai ga macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, lamarin da kan iya kashewa cikin awa biyu idan ba a tsayar ba. Wani babban binciken da aka wallafa a 2017, wanda ya haɗa mata kimanin 20,000 har da na asibitocin Nijeriya, ya nuna cewa allurar tranexamic acid tana rage mutuwa daga wannan zubar jini idan aka yi ta cikin awa 3 da haihuwa. Ga matar da ta haihu a ƙauye, awa ukun nan a hanya ko a ƙaramin asibiti take ƙarewa.

Lokacin noma da girbi zai iya cin karo da saran kububuwa, macijiyar da dafinta ke hana jini daskarewa. Akwai gwaji mai sauƙi na gane wannan: a zuba jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20, in bai daskare ba to dafi ya shiga jiki, ana buƙatar allurar kashe dafi. Binciken da David Warrell da abokan aikinsa suka yi a arewacin Nijeriya a shekarun 1970, lokacin da yake Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ne ya yaɗa wannan gwaji a duniya. Ɗalibin da ya zauna da manoma zai kuma san yadda zai shawo kansu su bar tsaga wurin sara da ɗaure ƙafa tamau, domin waɗannan al'adu ƙara ɓarna suke yi.

Akwai hujja daga wasu ƙasashe cewa horo a karkara yana ceton rai. Tsakanin 1997 da 2001, a yankunan da ke cike da nakiyoyi a arewacin Iraƙi da ƙasar Kambodiya, an horar da ma'aikatan agaji 135 da mutanen ƙauye fiye da 5,000 dabarun buɗe hanyar numfashi da tsayar da jini. Mutuwar waɗanda suka ji rauni ta sauko daga kashi 40 cikin ɗari zuwa kimanin 15. Daɗin daɗawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2010, ta kuma sabunta ta a 2021, cewa a riƙa ɗaukar ɗalibai 'yan karkara, a kuma tura ɗalibai horo a karkara, domin irinsu ne suka fi yarda su zauna aiki a can.

Uzurin masu ja da wannan ra'ayi

Masu ja suna da hujjoji biyu, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce tsaro. Kurfi da Dutsin-Ma suna cikin ƙananan hukumomin da suka sha fama da 'yan bindiga, kuma a watan Oktoba na 2023 an sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga masaukinsu. Uban da ya ƙi a tura 'yarsa ƙauye yana da gaskiyarsa. Maganin wannan shi ne tsari: a ajiye ɗalibai a cikin gari a masauki mai tsaro, su yi aiki da rana, a kai su a dawo da su a motar makaranta, a kuma dakatar da horon duk lokacin da hukumomin tsaro suka ga akwai haɗari. Darasin farko na wannan sana'a ma shi ne kada mai agaji ya shiga wuri sai ya tabbatar da lafiyar kansa. Amma soke horon ɗungurungum yana nufin yankin da ke da yawan masu raunin harsashi shi ne zai rasa masu iya tsayar da jini.

Hujja ta biyu ita ce ƙarancin masu kula da ɗalibai. Ɗalibin da aka jefa asibiti ba mai duba shi, ko dai ya zama ɗan aike, ko ya riƙa yin aikin da ya fi ƙarfinsa a jikin bayin Allah. Duka biyun ɓarna ce. Don haka bai halatta makaranta ta ba ɗalibi wasiƙa kawai ta sallame shi ba.

Sharuɗɗan da ya kamata a cika

Da farko, a ɗaura kowane rukuni na ɗalibai kaɗan a wuyan wani ma'aikaci sananne, a ba shi horo da ɗan alawus, malamin makaranta kuma ya riƙa zuwa duba su kowane mako. Na biyu, kowane ɗalibi ya riƙe littafin shaidar aiki, inda za a rubuta abin da ya gani, da abin da ya yi da taimako, da abin da ya yi shi kaɗai a gaban mai kula da shi. Na uku, a yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ya taɓa jini, a ba shi safar hannu da takunkumi, domin zazzaɓin Lassa ya sha kashe ma'aikatan lafiya a ƙasar nan. Na huɗu, a nemi izinin majiyyaci kafin ɗalibi ya taɓa shi, a kuma kiyaye sirrinsa, domin talaucin mutum ba ya mayar da shi abin gwaji. Na biyar, a yawaita ɗalibai mata, saboda akwai gidajen da mace kaɗai za a bari ta shiga wurin mai naƙuda.

Jihar ba daga tushe za ta fara ba. Makarantun fasahar kiwon lafiya na Kankiya da Daura da makarantar ungozoma ta Malumfashi sun daɗe suna tura ɗalibansu aiki a asibitoci. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ita ma tana zaune ne a tsakiyar wannan yanki. Haɗa kai tsakanin waɗannan makarantu da hukumomin lafiya na jiha da jami'an kiyaye haɗurra zai wadatar a fara. Su kansu ɗaliban za su iya koya wa direbobin tasha da 'yan acaɓa agajin farko, tunda su ne suke fara ɗaukar mai rauni.

Kammalawa

Malaman kimiyyar halittu a sakandare suna da rawar takawa tun yanzu. Idan aka zo darasin zagayawar jini, a sa ɗalibai su ƙirga bugun jijiyar junansu a zaune, su sake ƙirgawa bayan gudu, su koyi danne rauni da tsumma mai tsabta da kwantar da sumamme a gefensa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ke sha'awar wannan sana'a kuma ya dage da darussan kimiyya, kuma idan ya zo zaɓen makaranta ya tambayi asibitocin da take tura ɗalibanta, da tsawon lokacin da suke yi a can, da kuma wanda ke kula da su.