Laifin Shaho Ko Laifinmu?

A gidaje da dama a Potiskum akan watsa tsabar gero a tsakar gida, a ajiye kaskon ruwa da bazara domin kurciya da baiwar Allah, da niyyar sadaka. To amma duk inda tsuntsaye suka saba taruwa, shaho ma yakan gane wurin. Da zarar ya sure guda, ko ya haɗa da ɗan tsako, sai maigida ya barbaɗa guba a tsoka ya ɗora bisa katanga. Wannan ɗabi'a muke ƙyama, kuma ba mu yarda tausayi ne ke jawo ta ba.

Wa ya tara tsuntsayen a fili fetal, babu reshe babu ƙaya? Mu ne. Magabata sun san kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa, shi ya sa suka tanadi akurki. Ba su tashi ƙarar da shirwa ba. Kaskon ma, in aka matsar da shi gindin magarya, ko aka ɗauke shi na 'yan kwanaki, shaho zai sauya hanya.

Guba kuwa ba ta zaɓe. Ita da masu kai wa bokaye kawuna suka rage ungulun da a da ke cika mahauta, har a 1958 da Sin ta yaƙi gwara fari suka far wa gonaki bai zame mana izina ba. A 2015 masana suka sa ungulun cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Shahon nan da ake bai wa guba, shi ke rage ɓeran rumbu da jan-bakin da ke cinye gero tun yana zangarniya.