Kafin ka tura saƙon GMO, ji labarin funfunar da ke kashe sauro

Damina ta kankama, kwatocin Dukawuya sun cika, sauro ya dawo da kiɗansa a kunne. Sai ga saƙo a WhatsApp: wai duk abin da aka taɓa ƙwayoyin halittarsa guba ne, makirci ne na rage mu. Yatsanka har ya kai kan turawa. Dakata tukuna.

Ka san funfuna, irin wadda ke fitowa a burodin da ya kwana biyu? Akwai wata danginta mai suna Metarhizium, wadda tun asali kan kama sauro ta kashe shi, sai dai tana da nawa. Masana daga Jami'ar Maryland ta Amurka da takwarorinsu na Burkina Faso suka ɗauko ƙwayar gadon da ke sa wani gizo-gizon Ostareliya yin dafi, suka dasa ta cikin DNA ɗin funfunar. Ta zauna daram, har 'ya'yan funfunar suna gadonta. Abin da ya fi burge ni, an ɗaura mata makunni: ba ta fitar da dafin sai ta shiga jinin ƙwaron.

A ƙauyen Soumousso, kusa da Bobo-Dioulasso, aka gwada ta cikin wani ƙaton gida da aka rufe da raga. Aka cakuɗa ta da man riɗi, aka shafa a baƙin ƙyalle inda sauro ke hutawa. An fara da sauro 1,500; bayan kwana 45 saura 13. Mujallar Science ce ta buga sakamakon a 2019.

Ban ce ka yi tafi ba fa. Gwaji cikin raga daban, sakin abu a unguwa daban, don funfunar da ta bi iska ba mai kiran ta ta dawo. Tambaya dole ce: wace ƙwaya aka dasa? Wa ya gwada ta a kan ƙudan zuma? Hukumar NBMA, da aka kafa a 2015 don sa ido kan irin wannan, me ta gani da idonta?

Amma ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, ga sauron ya fara raina maganin feshi, haba, ai bai kamata muryar wani da ko sunansa ba mu sani ba ta yanke mana hukunci cikin daƙiƙa talatin.