Kisan kai a idon doka: abin da ya kamata ƴan kasuwa su sani

Sau da yawa rikicin da ke kai ga asarar rai a kasuwanninmu ba ya farawa da niyyar kisa. Gardama ce kan bashi, ko ihun ɓarawo, ko gudun ɗan kabu-kabu cikin cunkoso. To amma da zarar rai ya fita, alƙali ba ya tambayar wa ke da gaskiya a ciniki. Abubuwa uku yake nema.

Na farko, a tabbatar mutum ya mutu. Na biyu, a tabbatar aikin wanda ake tuhuma ne ya jawo mutuwar, shi ya sa takardar likita ke da nauyi a kotu. Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne abin da ke cikin zuciya: ya yi nufin kisa, ko ya san aikinsa zai iya kashewa, ko sakaci ne kurum? Tunda ba a ganin zuciya, alƙali yana duba makamin da kuma wurin da aka buga. Mari daban, dutsen awo a ka daban.

Kundin hukunta laifuka na Nijar, na shekarar 1961 wanda aka yi wa gyara a 2003, ya rarrabe matakai: kisan ganganci, kisan da aka shirya tun da farko, dukan da ya zo da ajali ba da nufin kisa ba, sai kisan kuskure ta hanyar sakaci ko karya dokar hanya. Kowanne da nasa hukunci.

Masu saro kaya a Kano ko Abuja su sani cewa can tsarin ya ɗan bambanta. Kundin Arewacin Najeriya da ya fara aiki a 1960, wanda aka ɗauko daga na Sudan da Indiya, ya kasa kisa gida biyu: mai hukuncin kisa, da wanda bai kai nan ba, kamar na tsokana mai tsanani ko faɗan da ya ɓarke nan take. Da sashe na 221 na wannan kundi ne wata kotun Abuja ta yanke wa Maryam Sanda hukuncin kisa a 2020 kan mutuwar mijinta.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne dukan ɓarawo. Kare kai yana da sharaɗi: hatsarin ya kasance a gabanka, martanin kuma ya yi daidai da shi. Ɓarawon da aka riga aka kama ba ya barazana ga kowa, kuma yawan masu duka ba ya wanke wanda ya sa hannu. Haka nan a Nijar, yafewar dangin mamaci ba ta hana mai shigar da ƙara na gwamnati ci gaba da shari'a.

Don haka in an kama ɓarawo, a miƙa shi ga ƴan sanda ko jandarma. In kuwa gardamar bashi ce, a nemi shugabannin kasuwa tun ba a kai ga ɗaga hannu ba.